AppSheet, Power Apps, Bubble, FlutterFlow ko Odoo: wanne zai riƙe lissafin kasuwancinka daga Yamai zuwa Tahoua?

Ɗan kasuwar da harkarsa ta fi ƙarfin kaye da bik, mai mangaza a Tahoua, shago a Babbar Kasuwar Yamai, da yaran da ke saya masa albasa a Galmi, ko ba daɗe ko ba jima wani matashi mai informatik zai zo masa da salula a hannu ya ce: "Alhaji, ba ni ɗan lokaci in haɗa maka manhaja taka ta kanka." Ba ƙarya yake ba. Yau akwai dandalan intanet da mutum zai jera allo da maɓallai da tebur ta hanyar ja da ajiyewa, ba tare da dogon rubutun kod ba, ya fitar da aikin da a da sai an tara injiniyoyi sun yi watanni a kansa. Inda gizo ke saƙa shi ne matasa uku za su zo, kowa da sunan dandalin da ya iya, kuma duk abin da suka nuna a ofis mai wifi zai yi kyau. Wannan rubutun na mai irin wannan ruɗanin ne, ko Alhaji mai sayar da kaya sari, ko Hajiya mai farmasi, ko mai makaranta mai zaman kanta, ko shugaban ƙungiyar manoma.

Kowace manhajar kasuwanci kashi biyu ce, kamar shago da mangaza. Shagon shi ne abin da ma'aikaci ke gani a salula, inda zai danna ya rubuta an sayar da buhu goma. Mangazar ita ce rumbun bayanai da ke zaune a wata saba, wato babbar kwamfutar ajiya ta nesa, inda ciniki, bashi da sunayen abokan hulɗa ke taruwa. Bubble da Odoo suna ba da duka biyun a haɗe. FlutterFlow shagon kawai yake ginawa, sai a kama hayar mangaza wurin Firebase ko Supabase. A ganina yawancin masu zaɓe shagon suke kallo, alhali dukiyar tana mangaza. Allo ana iya sake shi. Lissafin shekara biyar kuwa, in ya maƙale a inda ba ka iya fitar da shi, ko a asusun wani, ka shiga uku.

Abubuwan da za a auna

Na farko, kuma wanda ya fi kowane nauyi a ƙasarmu, shi ne rezo. Wanda ya bi hanyar Dosso, Dogon Dutsi da Ƙonni zuwa Tahoua ya san ko wane layi yake riƙe da shi, akwai wuraren da salula za ta yi shiru. Cikin gari ma ba a tsira ba. A watan Agustan 2023 Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar, aka yi watanni ana fama. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar yammacin Afirka, ƙasashe da dama suka wayi gari intanet na jan ƙafa. Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam da aka ba izinin aiki a Nijar, yana taimakon ofis, amma yaron da ke tsaye bakin kamyo a Galmi ba ya ɗauke da faranti a kai. Saboda haka kafin a yi zancen kuɗi, a yi wannan gwajin a gaban mai haɗawar: a sa salula a yanayin jirgin sama, a rubuta ciniki uku, a kashe ta, a kunna, sannan a buɗe data a ga ko cinikin uku sun isa kwamfutar maigida. Manhajar da ta faɗi wannan gwajin ta ofis ce kawai.

Akwai wani tarko a ƙarƙashin wannan, wanda ko masu informatik da yawa sai ya cije su suke gane shi. A ce akwai buhu 100 a mangaza. Ma'aikaci ɗaya ya sayar da 20 ba rezo, salularsa ta rubuta saura 80. Wani kuma ya sayar da 30 ba rezo, tasa ta rubuta saura 70. Da rezo ya dawo, wanda ya tura na ƙarshe shi ke danne na farko, sai maigida ya ga 70 ko 80, alhali buhu 50 ne a ƙasa. Haka AppSheet ke yi, haka Firebase ke yi in an bar su yadda suke. Maganin ba na dandali ba ne, na tsari ne: kada manhaja ta riƙa goge jimla tana sake rubutawa. Kowace shiga da kowace fita ta zama layi nata, da sunan wanda ya yi da lokacin, jimlar kuma a lissafo ta daga layukan. Ka tambayi mai haɗa maka yadda zai magance wannan. Amsarsa za ta nuna maka ko ya taɓa aiki da kayan da ake ƙirgawa da hannu, ko darasin YouTube kawai ya gama.

Na biyu kuɗi, musamman yadda yake girma. Sefa a ɗaure take da yuro, wajen sefa 656 kan kowane yuro ɗaya, amma yawancin waɗannan dandalan da dolar Amurka suke karɓa, ita kuma tana hawa tana sauka. Zan ɗauki dolar ɗaya a sefa 600 don sauƙin lissafi. Hanyar caji iri uku ce: kan kowane ma'aikaci, kan yawan aikin da manhajar ta yi, ko abonma tsayayye. Wanda ya yi araha da mutum biyar yana iya zama nauyi da mutum talatin. Kuma da katin banki irin Visa ake biyansu, wata bayan wata. In katin da ake loda wa kuɗi ne, ranar da ya ƙare ba a lura ba manhajar na iya tsayawa ana tsakar ciniki. Farashin da zan kawo shi ne wanda kamfanonin suka wallafa, suna kuma sauya shi, don haka a leƙa shafinsu ranar biya.

Na uku, makulli a hannun wa yake, kuma in ka so tashi za ka iya kwashe kayanka? Wannan ba tsoron banza ba ne. Facebook ya sayi Parse, wani rumbun bayanan manhajoji na haya, a 2013, dubban manhajoji suka dogara da shi, sannan a farkon 2016 ya ba da sanarwar rufe shi, ya rufe a Janairun 2017. Google ma ya rufe App Maker, dandalinsa na haɗa manhaja, a Janairun 2021. Girman kamfani bai hana shi janye kaya daga kasuwa ba. Amma a nan gida abin da ya fi yawan faruwa ya fi wannan sauƙi: matashin ya buɗe komai da imel ɗinsa da lambarsa, daga baya ya samu aiki a wata ƙasa ko aka ɓata da shi, sai maigida ya tarar shi baƙo ne a lissafin kansa. Kowane asusu a buɗe shi da imel ɗin kamfani, lambar salular maigida ta zama ita ke karɓar saƙon tabbatarwa, mai haɗawar kuma a gayyato shi a matsayin ma'aikaci. Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba.

Na huɗu, wa zai gyara in ta lalace ranar kasuwa. Na biyar doka. Nijar na da dokar kare bayanan mutane mai lamba 2022-59, da hukumar HAPDP da ke kula da ita, kuma sunaye, lambobi da bayanan lafiyar mutanen da za ka ajiye a sabar da ke Turai ko Amurka sun shiga ƙarƙashinta. Sai kuma batun faktir mai tabbaci na tsarin SECeF da DGI, wato hukumar haraji, ta kawo. Faktirin da manhajar gida ta buga ba ya maye gurbinsa sai in manhajar ta samu amincewar DGI. Wanda wannan tsarin ya shafa ya zauna da kontabul ɗinsa tun kafin a fara gini, ba bayan an gama ba.

AppSheet

Na Google ne tun Janairun 2020 da ya saye shi. Yana ɗaukar teburin Google Sheets ya mai da shi manhajar salula, don haka wanda ya iya Excel ya riga ya gama rabin aikin. A wajen rezo yana daga cikin waɗanda suka fi dacewa da mu: yana sauke kwafin tebur a salula, ya jera abin da aka rubuta, ya tura in rezo ya dawo. Yana ɗaukar hoto, sa hannu da wurin da mutum yake tsaye, abin da ke da amfani ga mai son tabbatar da cewa yaronsa da gaske ya je Madaoua. Sunayen maɓallan kai ke rubuta su, ana iya yi da Hausa tsantsa, a sa hoton kaya kusa da sunansa saboda ma'aikacin da karatun boko bai zauna masa ba.

Ana gwada shi kyauta da mutum har goma. In za a fara aiki na gaske, ƙaramin tsari dolar 5 ne kan kowane mutum a wata, tsarin Core kuma dolar 10, kuma a Core ne ake samun damar tace abin da kowane ma'aikaci zai gani. Mutum takwas a Core dolar 80 ke nan, wajen jika 48 a wata, jika 576 a shekara. Mutum talatin jika 180 a wata. Nan ne yake fara cizo. Wanda ya riga yana biyan Google Workspace, wato abonman imel da kayan ofis na Google, ya duba, don yawancin tsare-tsarensa sun haɗa da Core.

Rauninsa biyu. Google Sheets na tsayawa a gurbi miliyan 10, amma tun kafin a kai can manhajar za ta fara nauyi, saboda tana ƙoƙarin sauke layuka dubbai a kan rezo mai rauni. Dabarar ita ce a ware cinikin kowace shekara, kowane ma'aikaci kuma ya sauke na reshensa kawai. Na biyu, duk wanda ke da izinin taɓa teburin yana iya sauya lamba ta bayan fage ba tare da ya bi ta manhaja ba. Don haka izinin taɓa teburin ya tsaya tsakanin maigida da kontabul kawai. In ka so barin AppSheet ba za ka tafi da manhajar ba, amma bayananka suna cikin Drive ɗinka, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Power Apps

Na Microsoft ne, kuma ba zan daɗe a kansa ba, don amsarsa a fili take. In ma'aikatarka na biyan Microsoft 365, kamar yadda ƙungiyoyin agaji da manyan ofisoshin Yamai da dama ke yi, kana da shi a hannu, muddin bayanan suna SharePoint, wato ma'ajiyar takardu da tebur ta Microsoft, ko Excel. Da zarar an buƙaci Dataverse, rumbun bayanansa na gaske wanda aiki ba rezo ya fi tafiya daidai da shi, sai lasisin dolar 20 kan kowane mutum a wata. Mutum takwas jika 96 ke nan. Akwai kuma wani abu da ke ruɗa sababbin hannu: wasu nau'in bincike layi 500 na farko kawai suke dubawa, ana iya ɗagawa zuwa 2.000, sai manhaja ta ba da jimlar da ba ta cika ba. Don neman izinin hutu, sa hannun shugaba da bin kayan ofis, yana da kyau ƙwarai. Don ɗan kasuwar Katako da bai taɓa biyan Microsoft sisi ba, ban ga dalilin shigarsa ba.

Bubble

An kafa shi a New York a 2012, kuma yana da ƙarfi wajen gina shafin da jama'a za su shiga su yi rajista, su yi oda, su bi sawun kayansu. Ƙaramin tsarinsa wajen dolar 30 ne a wata, ba ruwansa da yawan ma'aikata. Sai dai tun 2023 yake caji kan nauyin aikin da manhajar ta ɗora wa sabarsa, sauyin da ya tayar da ƙura tsakanin masu amfani da shi, don manhajar da ba a tsara da kyau ba tana cinye kasonta da wuri. Asalinsa na burauza ne, rezo yake so a kowane danni. Kuma ba ya ba da kod: za ka iya fitar da bayananka, amma duk tsarin da aka gina yana nan wurinsu, in za ka tashi sai sabon gini daga tushe. Ga mai son gwada wata dabarar kasuwanci da mutanen Yamai masu data a salula, ya isa. Ga mangaza a Tahoua, ba na ba da shawararsa ko kaɗan.

FlutterFlow tare da Firebase ko Supabase

Wannan ita ce hanyar da ta fi kusa da ginin manhaja na gaske. Tsofaffin injiniyoyin Google ne suka kafa FlutterFlow a 2020, a kan fasahar Flutter, kuma abin da ya bambanta shi shi ne yana ba ka kod ɗin manhajarka ka sauke. Ko ka daina biyansu, wani injiniyan da ya iya Flutter zai ci gaba daga inda aka tsaya. Abonma ɗinsa mai haɗawa ne ke biya, ba kowane ma'aikaci ba, don haka mutum takwas da mutum tamanin kusan ɗaya ne ta wannan fuskar. Sa manhaja a Play Store dolar 25 ne sau ɗaya, na Apple dolar 99 kowace shekara. Amma kada a ruɗe ka da sunan sauƙi. Wanda bai san yadda ake tsara rumbun bayanai da dokokin tsaro ba zai fitar maka da allo mai sheƙi a kan tushe mai rawa. Kuɗin gaske a nan ladan mai haɗawa ne, na gini da na kulawa, kuma a rubuta su daban a takarda.

Sai zaɓen mangazar. Firebase, wanda Google ya saya a 2014, ya zo da aiki ba rezo a jikinsa: salula na ajiye kwafi, ta tura in an samu hanya. Yana barin manhaja ta karanta bayani sau 50.000, ta rubuta sau 20.000, kyauta kowace rana. Adadin kamar mai yawa, amma a duba: in kayanka iri 2.000 ne kuma manhajar na sake karanta su duka a kowace buɗewa, buɗewa 25 ta cinye kason ranar, wato ma'aikata biyar sau biyar-biyar. Abin da ake biya bayan nan kaɗan ne, bai kai sefa 50 kan karatu 100.000 ba, sai dai tsarin biyan ba shi da rufi. Saƙon gargaɗi yake turowa, ba ya tsayar da lissafi, don haka kuskure ɗaya da ya sa manhaja ta yi ta maimaita karatu dare guda yana iya jawo faktir mai ɗaga hankali. A sa gargaɗin tun ranar farko, ya riƙa zuwa imel ɗin da ake buɗewa. Wani abin kuma, yadda Firebase ke jera bayanai bai dace da tambayoyin kontabul ba. "Nawa kowane dillali ya ci bashi daga Janairu zuwa Maris, a kowane reshe?" tambaya ce da ke ba shi wahala.

Supabase, wanda aka fara a 2020, a nan yake da ƙarfi. A kan PostgreSQL yake zaune, rumbun bayanai mai tebur da layi da aka daɗe ana aiki da shi a duniya, wanda ɗalibin informatik na Jami'ar Abdou Moumouni ko ta Tahoua da ya koyi SQL, harshen da ake tambayar irin wannan rumbu da shi, zai gane. Kod ɗinsa a buɗe yake, kana iya kwashe komai ka kai wata saba, har taka ta gida. Tsarin Pro dolar 25 ne a wata, wajen jika 15, da kwafin ajiya na kullum, kuma ana iya zaɓen sabar Paris. Na kyautar a bar shi ga gwaji: megabait 500 ne, kuma in an yi sati guda ba a taɓa shi ba sai su dakatar da shi. Raunin Supabase shi ne ainihin ciwonmu, bai zo da aiki ba rezo ba. Sai an ƙara masa wani abu irin PowerSync, ko mai haɗawar ya gina ajiyar cikin salula da hannunsa, wanda ƙarin aiki ne da ƙarin kuɗi. Dokokin da ke hana wani ma'aikaci ganin layin wani kuma dole a kunna su tebur bayan tebur, in an manta ɗaya ƙofa ce a buɗe.

A taƙaice tsakaninsu: in aikin na fili ne, Firebase. In na lissafi da rahoto ne a inda rezo ke zaune, Supabase. Da ni za a tambaya kan kasuwancin da ake son ya shekara goma, zan karkata ga Supabase in biya kuɗin gina masa aiki ba rezo, saboda fitar da ke gare shi.

Odoo

Kafin a gina sabo, a tambayi kai ko abin da ake so ba a riga an gina shi ba. Ciniki, kaya, saye, faktir da albashi ba sababbin matsaloli ba ne. Odoo, na ƙasar Beljiyam, tun 2005 yake wannan aikin, da Faransanci, kuma yana da tsarin lissafin SYSCOHADA da kontabul ɗinka ke aiki da shi. Nau'in Community kyauta ne, ana iya girka shi a kwamfuta ɗaya cikin shago, sauran na'urori su haɗu da ita ta wifin gida ba tare da intanet ba sam. Allon cinikinsa ma, in an riga an buɗe shi, yana ci gaba da karɓar ciniki ko rezo ya ɗauke. Nau'in Enterprise ana biya kan kowane mutum, farashin ya danganta da ƙasa, kuma a can ne cikakken lissafin kuɗi yake, tare da Studio, wato kayan sauya allo da ƙara gurabe ba tare da kod ba.

Nauyinsa shi ne girkawa da koyarwa. Yana da faɗi, ma'aikacin da ya saba da kaye zai iya ɓacewa a cikinsa in ba a rage masa allon ba. Kowace shekara sabon nau'i ke fitowa, kuma gyare-gyaren da aka yi maka na musamman sai an sake duba su a kowane hawa. In kuma a shago ka ajiye sabar, ka ɗauki amanar da kamfanin haya ke ɗauka: zafin Afrilu da Mayu, ƙurar hunturu, ɗaukewar wuta, ɓarawo. Sai da batir ko fanon sola, sai kuma kwafin ajiya da ke fita daga ginin kowace rana. Kwafin da ke kwance a kwamfutar da ta ƙone ba kwafi ba ne.

Matasa da yawa sun koyi KoboToolbox a aikin ƙungiyoyi, kuma wasu za su kawo maka shi. Yana da kyau wajen tattara amsoshi a ƙauye ba rezo, amma ba a yi shi don bin bashi da ragowar kaya ba.

| Zaɓi | Kuɗi | In rezo ya ɗauke | Sauƙi | In za ka tashi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| AppSheet | dolar 5 ko 10 kan mutum a wata | yana aiki | mai Excel zai koya | bayanai naka, manhaja tasu | tsada in ma'aikata sun yi yawa |
| Power Apps | cikin Microsoft 365, ko dolar 20 kan mutum | yana aiki, musamman da Dataverse | matsakaici | bayanai naka, manhaja tasu | lasisi |
| Bubble | wajen dolar 30 zuwa sama | yana tsayawa | matsakaici | sabon gini | cajin nauyin aiki |
| FlutterFlow da Firebase | abonman mai haɗawa, sai gwargwadon amfani | yana aiki | sai ƙwararre | kod naka, kwashe bayanai da wahala | faktir marar rufi |
| FlutterFlow da Supabase | abonman mai haɗawa, da dolar 25 a wata | sai an gina masa | sai ƙwararre | kod da bayanai naka | dokar tsaro da aka manta |
| Odoo | Community kyauta, Enterprise kan mutum | yana aiki in sabar na gida | sai an koyar | bayanai naka | girkawa da kulawa |

Teburin bai nuna batun karɓar kuɗi ba, don duk kusan matsayinsu ɗaya. Stripe, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet da yawancin dandalan nan ke jingina da shi, ba ya aiki a Nijar. Haɗa manhaja kai tsaye da Airtel Money ko Moov Money na buƙatar yarjejeniya da kamfanin da kuma rubutun kod na gaske, abin da ya fi sauƙi a FlutterFlow da Odoo. Ga yawancin ƴan kasuwa, gurbi ɗaya ya wadatar a farko: ma'aikaci ya zaɓi hanyar biya, ko hannu da hannu, ko Nita, ko Amana, ko ta salula, ya rubuta lambar shaidar turawar, da yamma kontabul ya gwada da abin da ya shigo.

Wa ya dace da wanne

Mai sayen albasa ko hatsi da yara biyar zuwa goma a kasuwannin Galmi, Madaoua da Ƙonni, wanda abin da yake so shi ne ya san buhu nawa aka saya, a nawa, aka loda a wace mota: AppSheet. Zai fara da wuri, zai yi aiki ba rezo, kuma in bai yi ba asarar kaɗan ce. In ma'aikatan sun doshi ashirin, a sake zama a yi lissafi, don a nan kuɗin shekara guda na iya kusantar ladan gina taka.

Mai sari da shago da mangaza a gari ɗaya, ko farmasi, ko mai kayan gini, wanda ke da kontabul kuma DGI ta san da shi: ya fara duba Odoo kafin ya yarda a gina masa komai. Ya nemi wanda ya taɓa girka shi a Nijar, ya je ya ga shagon da ke aiki da shi, ya tambayi mai riƙe da akwatin kuɗin, ba maigidan ba.

Ƙungiya ko ofis mai Microsoft 365 ya tsaya ga Power Apps. Mai sabuwar dabara da ke son ganin ko mutanen Yamai za su yi oda ta intanet ya gwada da Bubble, da sanin cewa in abin ya karɓu gini na biyu na jiransa.

Kamfanin jigila, ƙungiyar manoma mai wakilai da yawa, ko makarantar da iyaye za su riƙa duba sakamako da biyan kuɗi a salularsu, wato duk inda masu amfani suka yi yawan da biya kan kowane kai ba zai yiwu ba: FlutterFlow, da Firebase in aikin na karkara ne, da Supabase in rahoto ne kan gaba. A nan takardar yarjejeniya wajibi ce. Ta faɗi cewa asusu da kod na maigida ne, kowane ƙarshen wata a ba shi kwafin bayanai da zai iya buɗewa a Excel, a kuma rubuta ɗan littafin yadda aka tsara rumbun don wanda zai gaji aikin. Asibiti mai zaman kansa ko ɗakin awo, kafin sunan majinyaci ɗaya ya hau sabar waje, ya fara tuntuɓar HAPDP.

Wanda kuma ma'aikatansa biyu ne ko uku a shago ɗaya, kuma shi da kansa ke rufe lissafi kowace yamma, teburin Excel ko Google Sheets mai tsari ya ishe shi a yanzu. Ya dai riƙa rubuta kowace shiga da fita a layinta, da kwanan wata da sunan kaya iri ɗaya kullum, don ranar da reshe na biyu ya buɗe, wannan teburin ne za a ɗora kowace manhaja a kansa.